Majime

Tun da na fara koyon Japananci, kalmomi da yawa na haddace na manta. Ita kuwa wannan ta zauna daram, wataƙila don a kunnen Bahaushe kamar tambaya take: "Ma ji me?"

Da haruffan kanji uku ake rubuta ta, 真面目. Na farko gaskiya, na biyu fuska, na uku ido. In an ce mutum majime ne, to shi ne wanda ke zuwa aiki kan lokaci, ba ya ha'inci ko da babu mai ganinsa, in ya ce zai yi abu ka je ka yi barcinka. Na nemi takwararta a Hausa, natsuwa ta kama gefe, himma ta kama gefe, riƙon amana ma haka, amma babu wadda ta ɗauke kayan ita kaɗai. Suna da wata kuma, shinken, asalinta takobin gaske, ba na gora da ake wasan kendo da shi ba. Wannan ta lokacin da magana ta kai maƙura ce. Majime kuwa hali ne da mutum ke kwana ya tashi da shi.

Sai dai, mai karatu, yabon yana da ƙaya. In abin ya yi yawa sukan ce kusomajime, kuso ɗin nan kuwa, a gafarce ni, kashi ke nan. Malamarmu ta ce in aka tambayi budurwa game da saurayinta ta ce majime ne ta ja bakinta ta yi shiru, ƙila nufinta hirarsa ba gishiri. 'Yan aji suka yi ta dariya, ni dai yaƙe na yi. A gida "Alƙali" taubasaina ke kirana tun ina yaro, wai ban san raha ba. Wadda na so na aura ma, da za mu rabu cewa ta yi, "Kai komai naka da gaske ne, ka gajiyar da ni."

Malamar ce ta ba ni labarin littafin Miura Shion, Fune o Amu, na 2011. Sunan tauraron Majime, ko da yake da wasu haruffa daban ake rubuta shi. Shekara da shekaru ya yi yana haɗa ƙamus, ya rubuta wa wata mai sana'ar girki doguwar wasiƙar soyayya da Japananci mai tsauri, kuma ta aure shi. Na sayi littafin. Da ƙamus a gefe nake bin sa, shafi ɗaya kowane dare, ban kai wurin wasiƙar ba tukuna.