Kwanakina da shekarar 762

Asabar
Na ɗauki 762 Miladiyya, wadda mafi yawanta ya faɗa cikin 145 Hijira, domin a cikinta Halifa Abu Ja'afar al-Mansur ya aza harsashin Bagadaza a yammacin kogin Dijla. Shi Madinatus Salam ya raɗa mata. Zagayayyen gari ne mai ƙofa huɗu: ta Kufa, ta Basra, ta Khurasan da ta Sham, fada da masallaci a tsakiya. Masana taurari ne suka tsayar masa da ranar fara aiki, Naubakht mutumin Farisa da Masha'allah Bayahude. Wannan ba kasafai ake faɗarsa a wa'azi ba.

Lahadi
Ginin bai yi nisa ba sai Madina ta ɗau zafi. A watan Rajab, Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da an-Nafsuz Zakiyya, daga zuriyar Hasan ɗan Aliyu, ya fito yana neman halifanci. Mansur ya ajiye magina ya koma Kufa, ya tura Isa ɗan Musa da runduna. Muhammadu ya sa aka sake haƙa ramin Khandaƙ, amma mutanensa suka yi ta zamewa, aka kashe shi cikin Ramadan. Tun da na karanta wannan nake ganin ganuwar Bagadaza da wani ido. Mai tsoro ne ya gina ta, mutumin da bai yarda da Kufa ba, bai kuma yarda da danginsa ba.

Litinin
Yau Imamu Malik ne ya riƙe ni. Yana Madina lokacin, mutane suka je masa da damuwa: akwai mubaya'ar Mansur a wuyansu, yaya za su bi wani? Masu tarihi sun ruwaito cewa ya ba su fatawar cewa rantsuwar dole ba ta hawa kan mutum. Shi kansa bai ɗauki takobi ba, gidansa ya zauna. Duk da haka, bayan ƙura ta lafa, gwamnan Madina Ja'afar ɗan Sulaiman ya sa aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Mu da muka taso ana biya mana Risala da Muwaɗɗa a zaure, mun fi sanin Malik mai darasi cikin natsuwa. Wanda aka tsaida gaban jama'a saboda magana ɗaya kuwa, ba mu cika jin labarinsa ba, alhali a ganina nan ne ake gane nauyin malami.

Talata
Turai ba ta da wani abin kirki a 762. Pepin, sarkin Farankawa, ya ci garin Bourges a yaƙinsa da Akitaniya. Ɗansa Shalaman bai wuce saurayi ba.

Laraba
Ƙasar Sin ta fi kowa jigata. Tawayen An Lushan, wanda ya ɓarke a 755, bai ƙare ba. A watan Mayu tsohon sarki Xuanzong ya rasu, kafin mako biyu ɗansa Suzong, wanda ke kan gado, ya bi shi. Sabon sarki Daizong ya nemi gudummawar Uigurawa don ƙwato birnin Luoyang. Sun ƙwato shi, sannan suka wawushe shi, abin da Bahaushe ke cewa an gudu ba a tsira ba. Cikin wannan hargitsi mawaƙi Li Bai ya rasu, a gidan wani ɗan'uwansa, ba muƙami ba dukiya.

Alhamis
Na leƙa gaba kaɗan. Ibrahim, ƙanen Muhammadu, ya tayar da Basra, ya kusa kai wa Kufa, aka kashe shi a Bakhamra farkon 763. Sai a sannan Mansur ya koma kan gininsa. Wani ɗan'uwansu, Idris, ya tsira daga wani yaƙin a 786, ya gudu Magrib, ya kafa daular Idrisawa a Maroko a 788.