Minti ashirin da biyar a Dayi

Mu biyu muka rubuta manhajar, kuma mun ji daɗin kanmu sosai. Wani Alhaji mai motocin dakon hatsi ne yake son sanin inda kowace motarsa take tsakanin Malumfashi da kasuwar Dawanau a Kano. Muka maƙala wa motocin na'urar GPS, muka sa manhajar ta ja jan layi a duk tsayuwar da ta wuce minti goma.

Mota ɗaya ce ta riƙa yin ja. Duk tafiya sai ta tsaya minti ashirin da biyar a Dayi, kafin ta miƙe hanyar Gwarzo. Alhaji ya ce ko dai direban yana sayar masa da man dizal, ko yana lodin fasinja. Kaka na wucewa zai karɓe makulli. Mu kuwa har tafawa muka yi, aikinmu ya kama ɓarawo.

Da na'urar motar ta fara ɗaukewa a watan Nuwamba, dole muka bi ta mu ga matsalar. An kwana ana loda masara, aka tashi bayan sallar asuba, don yanzu ba kowa ke son hanyoyin nan da dare ba. Direban dattijo ne, idonsa jawur. Ya dube mu ya ce, "Samari, ku ne masu na'urar?" Muka ce, "Mu ne, Baba." Bai ƙara ba.

A Dayi ya gangara gefen titi. Yaron mota ya sauko da kurfoti da gawayi da wata buta da ta yi baƙi ƙirin. Garin gahawa, citta, kanumfari biyu, sukari har ya so ya yi yawa. Mu da muke kwana gaban kwamfuta da Nescafé muna ganin mun san gahawa, kurɓa ɗaya ta sa mu tari. Hunturu na kaɗawa, muka ce me zai hana a hura wutar a cikin mota. Baba ya girgiza kai. Wani abokinsa ya taɓa rufe gilashi ya kwanta da garwashi a gefensa, da safe gawarsa aka fitar. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, barci kawai mutum zai ji.

Ya shanye, ya kwanta a kan kujera, ya ce a tashe shi bayan minti goma sha biyar. Mun taɓa karantawa cewa gahawa kan ɗauki minti ashirin zuwa talatin kafin ta kama jiki, shi ya sa ɗan barci bayan shanta ke wartsakar da mutum. Shi bai karanta ba, shekaru a kan sitiyari suka koya masa. Goro ya gagari haƙoransa, ƙwayoyin da yaran yanzu ke haɗiya kuma ya ce ya ga inda suke kai mota.

Muna zaune a bakin titi, waya a hannu, muka ga jan layinmu ya bayyana.

Washegari muka je wajen Alhaji da bayani. Ya saurara, ya ce to, amma minti ashirin ya yarda. A manhajar mun rubuta talatin, kuma har yau ba mu gaya masa ba.