Sunan kaza daban, aikinta daban

Duk wanda ya fara kiwon kaji, tambayar farko da ake yi mishi ita ce: "Wane iri ne?" Ni ma ban tsira ba, tunda na tsakuri jikka 20 daga kuɗin burs na sayi kaji 6 da zakara, na zuba su a akurki a gidanmu na Maraɗi. Niyyata ƙwai da ƴan tsaki su riƙa biya mini fotokopi da kuɗin motar Yamai, ƙanena yana kula da su in ba na nan. Kun ga ke nan sanin irinsu ba zancen wasa ba ne.

Kakata ce ta fara raɗa musu suna. Mai gajerun ƙafafu, kamar tana jan ciki, ta ce durgu ce. Mai gashi a birkice, fingi. Mai ɗigon fari da baƙi, wake-wake. Da ta zo kan jajayen nan biyu sai ta taɓe baki: "Kai maigidan, waɗannan ƴan boko ne irinka. Ƙwai za su zuba maka, amma ba za su zauna kansa ba."

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, a nan kunnena ya miƙe. Sunayen Hausa siffa suke faɗa: ƙafa, gashi, launi. Ba sa faɗin asali. Durgu da fingi da wadda wuyanta ba gashi duk kajin gida ne, kuma durgu tana iya ƙyanƙyashe tsako mai doguwar ƙafa. Sunayen kajin waje kuwa tsatso suke nunawa. Brahma, mai gashi har ƙafa, iri ce tsayayyiya. Isa Brown, wato jajayena, haɗin kamfani ce: ƴaƴanta ba sa gado yawan ƙwanta yadda yake. Haka ma maja da ake shigowa da ita daga Nijeriya, ruwa biyu ce. Kalmar "iri" ɗaya muke ɗora wa duk wannan, shi ya sa mai saye da mai sayarwa kan rabu kowa da abin da ya fahimta.

To ta yaya sabon shiga zai gane? Tsako dai ba ya nuna kansa sai gashi ya gama fitowa. In ta girma, duba ƙafa, zanko, faɗin ƙirji da fatar kunne: mai farin kunne galibi farin ƙwai take yi, mai jan kunne kuma ja-ja. Amma babban ma'auni shi ne hali. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta tsaya, ta yi kwanci kwana 21, ta fito da ƴaƴanta tana tono. Isa Brown tana iya kusantar ƙwai 300 a shekara, amma sai da abincin kanti. Ka bar ta da dusa da tsintar tsakar gida, ƙwan ya ja baya. Ita kuma mai wuya ba gashi, da yara ke yi wa dariya, ta fi sauran jure zafin watan Afrilu.

Da wannan na raba musu aiki. Jajaye su yi ƙwan sayarwa, durgu da wake-wake su yi kwanci. Kafin sanyin hunturu kuma kowacce ta samu rigakafin Newcastle, don cutar ba ta tambayar suna.

Ƴan uwa na Tawa, Damagaram da Gaya, inda ake ji da ƙatuwar kolonto, ku tambayi tsofaffinku yadda suke kiran kajinsu, ku rubuta. Ku haɗa da tambayar da ta fi amfani ga mai ɗan jari: tana kwanci ko ba ta yi?