Sunan Gari Ya Hau Kan Sunan Uba: Tafiya Ƙaura, Zurmi da Shinkafi

 

Abin da ya tayar da ni daga Gusau shi ne rabon gādon wani ɗan kasuwa da ya rasu a Legas. Takardunsa duka suna ɗauke da sunansa na yanka, sai Shinkafi a gaba, babu sunan mahaifi ko ɗaya. 'Ya'yansa can aka haife su, su ma Shinkafi suke amsawa, amma babban cikinsu bai iya gaya mini sunan kakansa ba. To, ta ina za a nemo sauran magada?

Na fara sauka Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare tun 1929. Da shi aka kwashe gyaɗa da audugar Zamfara, yanzu kuwa tashar ta yi tsit. Wannan gari shi ne ya ari sunan mutum. Namoda jarumi ne daga Fulani Alibawa, yana cikin waɗanda suka yi yaƙin Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Dattawa sun saɓa kan kalmar farko: wasu sun ce sarautar yaƙi ce irin ta Ƙauran Katsina, wasu sun ce ƙaurar da ya yi ce zuwa wurin. Na fi karkata ga ta farkon. Sarkin garin kuwa Sarkin Kiyawa ake ce masa. Ka ga wanda ya rubuta Ƙaura a bayan sunansa ba lalle ne ya haɗa jini da Namoda ba.

Zurmi, tushen Alibawan, ban daɗe ba, domin direba ya ce la'asar ba za ta same shi a hanya ba saboda 'yan bindiga. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

A Shinkafi na tarar da kasuwar Alhamis. Masu amsa wannan suna ba su ƙidayuwa, kuma ba dangi ɗaya ba ne. Akwai Bagobiri, akwai Bazamfare, akwai wanda fatauci ya kawo kakansa. Mutanen Kudu da suka san marigayi Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, wanda ya shugabanci hukumar tsaron ƙasa daga 1979 zuwa 1983, da Mahmud Aliyu Shinkafi, gwamnan Zamfara daga 2007 zuwa 2011, sukan zaci duk mai sunan ɗan gida ɗaya ne. Abin ya yaɗu ne daga makarantun boko na zamanin Turawa: a aji ɗaya sai a sami Muhammadu biyar, malami ya rarrabe su da garuruwansu. Ga kuma kunya, wadda ke hana yaro furta sunan mahaifinsa. Haka aka sami Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Malam Abubakar Gumi.

Kada mai karatu ya ce na haramta. Jingina mutum ga garinsa, abin da Larabawa ke kira nisba, tsohon abu ne a Musulunci. Bukhari mutumin Bukhara ne, Tirmizi na Tirmiz, ga Salmanul Farisi a cikin Sahabbai. Amma su nisba a ƙarshe take zuwa, bayan an ambaci uba da kaka: Muhammadu ɗan Isma'ila ɗan Ibrahim, sa'an nan Bukhari. Aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta yi umurni a kira kowa da ubansa, kuma da ita aka bar kiran Zaidu ɗan Muhammadu, aka koma Zaidu ɗan Harisa. Mu kuwa mun tarar da gurbi biyu a takardar ofis, muka ba gari na uba. Har matar aure yanzu ake liƙa mata garin mijinta, alhali ita 'yar Zurmi ce. Ku ma'aikata da 'yan kasuwa, in za ku yi wa yaro takardar haihuwa ko fasfo, ku sa sunan mahaifi tukun, gari ya biyo baya in da wuri.

Kwana uku na yi ina bin limamai da masu unguwanni. Daga ƙarshe wani tsoho mai sayar da albasa ya gane mamacin, shi ma ta laƙabin da ake kiransa yana yaro, ya kai ni gidan mahaifiyarsa. Tana raye, kuma tana da sudusin dukiyar.