Zanen aro da takardar sakamakon ɗanka

Duk uban da ya sa hannu a takardar sakamakon ɗansa, wadda muke ce wa bilitan a lakwal, ya yarda da abu biyu ko bai faɗa ba: cewa malami ya ba da makin gaskiya, kuma cewa an haɗa lissafin daidai. Na farkon kowa yana sa masa ido. Na biyun kuwa mun fara sallama wa kwamfuta, muna ganin na'ura ba ta son kai. Gaskiya ne ba ta son kai, amma tana cin bashi, tana kuma aron kayan mutane, kuma masu kayan sukan yi faɗa a cikinta ba tare da kowa ya ji ba.

Ni malamin lissafi ne a wani kolej a nan Tasawa. Shekaru ke nan ni da wani abokin aikina da ke koyarwa a Mayahi muke riƙe da wata ƴar manhaja da muka rubuta da harshen Java. Aikinta bai taka kara ya karya ba: a shigar da sunayen yara, a sa makin kowane fanni bisa 20, ta ninka da nauyin fannin, ta fitar da matsakaicin maki da matsayin yaro a aji, ta buga takarda. Abin da mu biyu muka rubuta da hannunmu bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ke cikinta ba. Sauran duk kayan aro ne da wasu mutane a wasu ƙasashe suka rubuta suka bayar kyauta: ɗaya na karanta jadawalin Excel, ɗaya na tsara takardar bugawa, ɗaya na ajiye bayanai. Kowanne cikinsu kuma ya ari nasa kayan daga wasu. Haka ake gina kusan kowace manhaja a yau, daga ta banki har ta wayar da ke hannunka.

Mutanen jihar Maradi ba sa bukatar dogon bayani a kan dogaro. Layin wutar da ke fitowa daga Katsina ya shigo ta Gazawa shi ke haska mu, kuma a watan Agusta na 2023 da aka yanke wutar Najeriya, tela da mai sayar da ƙanƙara da mai walda duk sun gane cewa sana'arsu tana rataye da wata igiyar da ba su taɓa tunawa da ita ba. Masu manhaja sun ga irin wannan a watan Maris na 2016, lokacin da wani mutum ya janye wani ɗan aikinsa mai suna left-pad, layi 11 kacal, sai ga dubban ayyuka a duniya sun kasa haɗuwa.

A tsohon tsarin Java, duk kayan aro zuba su ake yi wuri guda, kamar a tara kayan gida kaf a tsakar gida. Idan manhaja tana neman wani abu, sai ta bi tarin daga farko, wanda ta fara cin karo da shi mai wannan suna shi za ta ɗauka, ba ta tambayar ko akwai wani mai irin sunansa a baya. A watan Satumba na 2017 aka fito da Java 9 da sabon tsari na sassa. Kowane sashe yana da katanga da ƙofa, kuma a bakin ƙofar akwai ƴar takarda da ke faɗin abu uku: sunana wane, ina bukatar wane da wane, ga kuma abin da na yarda a ɗauka daga wurina. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1972 masanin nan David Parnas ya rubuta cewa a raba manhaja yadda kowane sashe zai ɓoye sirrin aikinsa, ya nuna wa na waje abin da ya kamata kawai.

Ba sha'awar sabon abu ta sa muka koma wannan tsari ba. Kwamfutocin makarantunmu ba iri ɗaya ba ne, wata kyauta ce, wata ta darakta ce ta kansa, kowace da irin Javar da ke cikinta. Da Java 11 ta fito a 2018 an cire wasu abubuwan da a da suke zuwa tare da ita, har da JavaFX mai zana tagogin da malami ke gani. Sai manhajar ta yi aiki a Tasawa ta ƙi buɗewa a Kanambakashe. A ce wa malamin da ke ƙauye ya sauko da manyan fayiloli daga intanet kuwa, kamar a ce masa ya ɗebo ruwa da kwando ne. A sabon tsari akwai wani abin aiki mai suna jlink da ke haɗa manhaja da gwargwadon Javar da take bukata a ƙunshi ɗaya, a sa a kile, a ba direban mota ya kai. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya karɓar sashen da ba shi da takarda a bakin ƙofa.

Ranar da muka rubuta takardun, manhajar da ta shekara da shekaru tana aiki ta ƙi tashi. Abokina ya bugo waya yana cewa, “Malam, wannan tsari rigima kawai ya kawo mana.” Na ce masa rigimar tana nan tun da, sai dai yanzu aka kira ta gaban alkali. Rigingimun da muka tarar iri huɗu ne.

Ta farko, suna ɗaya masu gida biyu. Wani kayan aro ya zo da tsohon kwafin wani ƙunshi na karanta fayiloli wanda Java kanta tana da shi. A tsakar gida ba wanda ya kula. A tsarin sassa kuwa doka ce: ƙunshi mai suna ɗaya ba zai fito daga sassa biyu ba. Maganin bai da wuya da zarar an gano mai shigo da shi. Muka bi jerin wa ya jawo wa, muka rubuta cewa a bar tsohon kwafin a waje, na Java ya isa.

Ta biyu, mutum biyu suna aron abu ɗaya amma kowa da zubin da yake so. Mai karanta jadawali yana son sabon zubin wani ƙaramin kaya, mai tsara takarda yana son tsoho. Tsarin sassa ba ya raba wannan gardama, ba ya zaɓen zubi. Manhajojin da ke tattaro kayan aro su ke yanke hukunci, kuma ba su da hukunci ɗaya: Maven tana ɗaukar wanda ya fi kusa da kai a jerin aro, Gradle tana ɗaukar wanda ya fi sabunta. Wato in ka yi shiru, wani zai zaɓa maka bisa ƙa'idar da ba ta san aikinka ba. Mun zaɓi zubin da kanmu, muka rubuta shi da dalilinsa. Wani kayan kuma da muka ga masu shi sun daina kula da shi, muka sallame shi, muka rubuta ɗan aikin da yake yi mana da hannu. Zanen aro ba ya rufe katara, balle wanda mai shi ya manta da shi.

Ta uku ita ce ta shafi iyaye kai tsaye, kuma ba daga waje ta zo ba. Kafin mu haɗa ayyukanmu, kowannenmu yana da nasa ɓangaren fitar da matsakaicin maki, bisa yadda makarantarsa ta saba, kuma suna ɗaya suke ɗauke da shi. Na Mayahi yana yanke lamba a gurbi na biyu bayan waƙafi, na Tasawa yana cika ta zuwa mafi kusa. Yaron da lissafinsa ya ba da 9,996, a wurin ɗaya 9,99 gare shi, a wurin ɗayan 10,00. Duk wanda ya yi lakwal ya san abin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu: wucewa aji na gaba ko maimaitawa, kuma ga yarinya a ƙauye maimaitawa sau da yawa ita ce ƙarshen karatu. A tsohon tsari, wanda Java ta fara tararwa a tarin shi ke yanke wa yaro hukunci. Sabon tsari ya ƙi tashi har sai mun ce wane ne mai gidan.

Wannan ba tambayar da masu rubuta manhaja za su amsa su kaɗai ba ce, don haka muka kai ta gaban daraktoci da zaman malamai. Aka yi muhawara sosai. Wani dattijon malami ya ce shi bai damu da wace ƙa'ida aka ɗauka ba, muddin uban yaro zai iya ɗaukar biro ya sake lissafin ya samu abin da ke kan takarda. Maganarsa aka bi. Yanzu sashe ɗaya ne tak ke lissafin maki, sauran duk wurinsa suke tambaya, kuma ƙa'idar tana rubuce a ƙasan kowace takarda.

Ta huɗu ita ce dogaron da ba wanda ya rubuta, don ba wanda ya san da shi. Akwai abin aiki mai suna jdeps da ke duba manhaja ya lissafa sassan da take kira, amma ba komai yake gani ba. Bayanan yadda kowane harshe ke rubuta lamba da kwanan wata suna cikin wani sashe dabam, kuma in ba ka ambace shi ba jlink ba zai sa shi ba, sai Java ta koma salon Ingilishin Amurka. Mu a Nijar 12,5 muke rubutawa da waƙafi. A salon Amurka waƙafi na raba dubbai ne, don haka sai a tsallake shi, 12,5 ya zama 125. Mun kama wannan ne saboda tun kafin mu taɓa komai mun ware sakamakon wasu azuzuwa na shekarun baya da aka lissafa da hannu, kuma bayan kowane gyara sai mun sake zuba su mun gwada. Yaro mai 125 bisa 20 kowa zai gani. Abin tsoro shi ne kuskuren da ya yi kama da gaskiya.

Haruffanmu ma suna cikin wannan sahu. Kafin Java 18 ta 2022, in ba ka faɗa ba, Java tana bin tsarin haruffan kwamfutar da ta samu kanta a ciki, kuma tsohon tsarin Windows na Faransanci ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sai sunan Ɗanladi ya fito da alamar tambaya a gabansa. Ga kuma bambancin rubutu: ƙa'idar Nijar ta 1999 tana amfani da ƴ, Najeriya tana rubuta 'y, kuma a garuruwan da ke kusa da iyaka duka biyun kan shigo rajista. Muka ba sunaye nasu sashen, shi kaɗai ke da ikon faɗin yadda za a ajiye suna da yadda za a jera shi. Tunda kundin da aka kafa a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, takardun da ke bukatar waɗannan haruffa ƙaruwa za su yi.

Aikin ya ci mana hutun damina ɗaya, kuma daga ƙasa muka faro: sashen da ba ya bukatar kowa shi muka fara gyarawa, sannan wanda ke jingine da shi, har zuwa tagar da malami ke gani. Malamin da ya taɓa karɓar yaran aji shida waɗanda ba su ƙware a ninkawa ba ya san dalili.

Abin da ya sa na kawo wannan zance gaban malamai da iyaye shi ne, manhajoji suna shigowa makarantunmu, wasu daga hukuma, wasu daga ƙungiyoyin agaji, wasu daga matasanmu da suka karanto kwamfuta a Maradi ko Yamai. Ba sai ka iya Java ba kafin ka yi wa mai kawo ta tambayoyi. Da me ta dogara, kuma tana aiki in babu intanet? Wace ƙa'ida take bi wajen cika lamba, wa ya yanke ta, a ina aka rubuta? An gwada ta da sakamakon da aka lissafa da hannu? Tana rubuta sunan ɗana yadda na raɗa masa? In mai ita ya bar gari, wa zai gyara? Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, zai kuma amsa su a tsaye.

Ga iyaye kuma, idan takarda ta zo ƙarshen zango, a samu wanda zai ninka makin fanni biyu ko uku da nauyinsu, ya haɗa ya raba, a ga ko ya yi daidai da abin da aka buga. Minti goma ya isa. In aka ga saɓani a je lakwal a tambaya cikin mutunci, domin malamin da ke gaban kwamfutar ma yana son ya sani. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka.