A Bagwai, a Ƙasa Ake Zana Gida

In ka baro Bichi ka nufi Bagwai, da wuya idonka ya faɗa kan daji. Gona ce ke bin gona, dawa da gero da gyaɗa, ga ƙauyuka kusa da kusa, Kiyawa, Gadanya, Romo, Rimin Dako. Fili yana da daraja a nan, shi ya sa mai shirin gini ba ya yarda a ɓata masa ko taki ɗaya.

A bayan gari na tarar da wani magini yana fitar da harsashin gida, kuma ko ƙyallin takarda babu a hannunsa. Turaku ya kakkafa, ya ja igiya, yaronsa na biye yana zuba toka, har gidan ya fito fari tas a ƙasa da girmansa na ainihi: ga zaure, ga ɗakuna biyu, ga madafi, ga makewayi can a kusurwa. Sai ya dubi mai filin ya ce, "Alhaji, bismilla, shiga gidanka."

Alhaji ya bi ta inda ƙofar zaure za ta kasance, ya tsaya, ya miƙa wuya. "Malam, ai daga nan mai wucewa zai hango tsakar gida." Nan take maginin ya shafe tokar da ƙafa, ya gusa da ƙofar ciki gefe. Uwargida ma ta aiko yaro da saƙo: kada ƙofar ɗakinta ta kalli gabas, don ta can ruwan damina ke bugowa. Maƙwabci ya leƙo, aka nuna masa inda indararo zai zubar, ya ce madalla. An gama duk wannan ba a sayi bulo ko ɗaya ba. Wallahi abin ya burge ni, domin kowa ya fahimci aikin, har wanda bai taɓa shiga aji ba.

Daga nan na wuce Watari, madatsar ruwan da aka gina tsakanin 1977 da 1980, wadda ta mai da yankin wurin noman rani, shinkafa da tumatir da albasa. Zanen magudanan da ke kai ruwanta gonaki aikin injiniyoyi ne, a kan faffaɗar takarda mai layuka da lambobi da Turanci. Shi kuwa manomi tambayarsa a fili take: ta gonar wa ruwa zai bi, kuma yaushe zai iso wurin wanda ke can ƙarshe?

Ina roƙon injiniyoyinmu, duk lokacin da za a gyara ko a faɗaɗa magudanar ruwa, su zo da igiya da toka, su taka layin da ƙafa tare da masu gonaki, su yi bayani da Hausa, tun kafin katafila ta shigo gona.