Kafin A Ɗora Allura Kan Faifan Gado

A gidaje da dama na Dakoro da Maraɗi har yanzu akwai faya-fayan garmaho a ƙarƙashin gado, ko cikin tsohuwar adaka, an tara tabarmi a kansu. Mafi yawansu iyayenmu ne suka zo da su daga Kano da Katsina, a shekarun da ake tafiya cin rani a dawo da rediyo da agogo da faifan Shata. Da kaset ya shigo sai aka ture su gefe, da waya ta zo kuma aka manta da su gaba ɗaya. Yanzu wasu matasa sun fara tono su, suna sayo tsohon inji a kasuwar 'yan gwanjo suna ɗora su. Abin ya yi mini daɗi, amma akwai abin da nake jin tsoro. Faifan da ya yi shekara hamsin yana kwance lafiya, injin da ba a saita ba zai iya cinye shi cikin 'yan makonni, kuma ba shagon da za a je a sayo wani.

Ni malamin firamare ne, na fito daga makarantar horon malamai ta Maraɗi, ba makanike ba ne. Abin da ya kai ni ga wannan harka gado ne. Kawuna ya bar mana faya-fayai talatin da 'yan kai, akwai na Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos waɗanda kamfanin EMI ya buga a Najeriya, da wasu ƙanana na kiɗan Kwango da na Indiya. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Waƙoƙinsu da yawa suna yawo a waya, amma an kwafa an sake kwafa har ganga ta koma kamar ana dukan kwali. A kan faifan da ba a ɓata ba, kana jin tafin 'yan amshi daban, kalangu daban.

Da farko a fahimci abin da ke faruwa a kan faifan. Kowace fuska kwari ɗaya ce tal, siririya, ta nannaɗe daga baki zuwa tsakiya kamar yadda ake ɗinka faifan kaba. Idan aka warware ta, a babban faifai tsawonta ya kai ɗaruruwan mitoci. Sautin yana rubuce a jikin bango biyu na wannan kwari, a matsayin 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da ido ba ya gani. Allura, wadda bakinta ɗan ƙwayar lu'ulu'u ne, tana bin kwarin tana girgiza, kan da ke riƙe da ita ya mai da girgizar lantarki, lasifika ta mai da shi murya. To faifan roba ne, allura kuwa ta fi ƙarfe tauri. Idan ta zauna a karkace ko ta danne da yawa, sai ta riƙa kankare bangon kamar yadda garma ke cin gefen kunya. Abin da ta kankare ya tafi ke nan.

Babban abin da ke kashe faya-fayai a wajenmu shi ne ɗora kuɗi a kan allura. Da zarar allura ta fara tsalle, sai a ɗauko dala biyar a manna mata a ka. Wani mai gyaran rediyo da na kai wa injina don ya canza igiyar robar da ke juya faranti, da na je karɓa na tarar ya ɗaure mini ƙwandala a kan hannun da salatif, yana cewa, "Malam, yanzu ko jaki ya yi harbi a ɗakin ba za ta motsa ba." Da kyakkyawar niyya ya yi, don haka ya ga ana yi tun yana yaro. Na yi godiya, na cire ta kafin in ɗora ko faifai ɗaya. Lissafin a fili yake: yawancin kawunan zamani an yi su ne su danna da nauyin giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Kan Audio-Technica AT-VM95E, alal misali, giram 2 ake so. Tsabar dala biyar ita kaɗai ta kai giram 8. Wato an ninka wa allura kayanta har sau biyar.

Kada kuma a ce to bari a rage nauyin sosai don a tausaya wa faifai. Allurar da ba ta samu nauyinta ba ba ta zama daram, sai ta riƙa karo da bangon kwari tana fasa shi, kuma wannan ɓarnar ba ta gaza ta nauyi ba. Abin da ake nema shi ne adadin da masu ƙera kan suka faɗa, ba ƙari ba ragi.

Ga yadda nake bi, daki-daki. Na farko, wurin zama. Injin ya zauna a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, nesa da lasifika. Ina aro nibo wajen magini, abin nan mai ɗigon iska cikin ruwa, in ɗora a kan faranti ta gaba da ta gefe. Daɓen ɗakunanmu ba kasafai yake daidai ba, sai a cusa 'yan gutsattsarin kwali ƙarƙashin ƙafafun har ɗigon ya tsaya tsakiya. Sau da yawa tsallen da ake kai wa kuɗi, karkatar tebur ce kawai.

Na biyu, nauyi. A bayan hannun akwai dunƙulen ƙarfe mai murɗawa, da zobe mai lambobi a gabansa. A kashe injin, a mai da maɓallin da ke hana hannu zamewa zuwa sifili, a saki hannun a hankali ana tare shi da yatsa, a yi ta murɗa dunƙulen har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, kamar sikelin mai nama idan bangarorin biyu sun yi daidai. A nan sai a riƙe dunƙulen, a juya zoben kaɗai zuwa sifili. Daga nan a murɗa dunƙulen da zoben tare zuwa lamba 2, ko abin da takardar kan ta ce. Tsofaffin injuna lambobinsu kan yi ƙarya, don haka ina tabbatarwa da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. A lura, akwai maganaɗisu a cikin kan, idan farantin sikelin ƙarfe ne mai kamawa zai ja shi ya ba da awon banza.

Na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci, wato daidaita fuskar kan. A masana'anta, wuƙar da ta yanka kwarin tafiya take a miƙe daga baki zuwa tsakiya. Hannun injinmu kuwa a kafe yake a gefe guda, yana zana baka kamar kwamfa a kan allo. Saboda haka ba yadda za a yi allura ta fuskanci kwari daidai a ko'ina. Masana lissafi sun daɗe da zama a kan wannan: Löfgren a 1938, Baerwald a 1941. Abin da suka fitar shi ne, idan aka lanƙwasa kan kaɗan, aka kuma bar allura ta ɗan zarce ƙusar tsakiya, za a samu wurare biyu da karkatar ta zama sifili, a sauran wuraren kuma ta ragu ƙwarai. A lissafin da aka fi amfani da shi, wuraren biyu suna milimita 66 da milimita 121 daga tsakiyar faifai.

Ba sai an yi odar komai daga waje ba, malamin makaranta zai iya yin katin awon da kansa. A samu kwali mai santsi, a manna masa takarda mai gidajen milimita, a huda rami na milimita 7 daidai kaurin ƙusar tsakiya. Daga tsakiyar ramin a ja layi miƙaƙƙe, a ɗiga alama a 66 da 121. A kowace alama a ja layin da ya gicciye na farko a tsaye, da wasu layuka kusa da shi masu tafiya tare da shi. A zura katin a ƙusa, a hana faranti juyawa, a sauke allura a kan ɗigon waje. A duba daga gaba: ɗan siririn sandan da ke ɗauke da allura ya bi layin giccin sak? Sai a matsa katin a gwada ɗigon ciki. Idan wuri ɗaya ya yi ɗayan bai yi ba, a sassauta 'yan ƙusoshi biyun da ke riƙe da kan, a tura shi gaba ko baya kamar milimita ɗaya, a ɗan juya shi, a sake gwadawa. Sai wuraren biyu sun amince ake ɗaurewa. Ranar farko zai iya cin awa guda, kuma da hasken safe ya fi, kafin ido ya gaji. Mai injin Technics SL-1200 ya huta, domin suna zuwa da ɗan ma'aunin roba da ke sa allura a milimita 52 daga gindin abin da ke riƙe kan.

Me ya sa ake wannan wahala a kan milimita ɗaya? Ga lissafin da na taɓa ba 'yan ajin CM2. Babban faifai yana juyi 33 da sulusi a minti, wato juyi ɗaya cikin daƙiƙa 1.8. A bakin faifai, kwarin da ke wucewa ƙarƙashin allura ya kai santimita 50 a daƙiƙa. Kusa da tsakiya bai fi santimita 21 ba. Waƙar da ke ciki an cusa ta a wuri ƙasa da rabin na waje, lanƙwashe-lanƙwashenta sun matsu. Shi ya sa idan kai ya karkace, waƙar ƙarshe ce ke fara shaƙewa, muryar mawaƙi ta riƙa tsatsa. Duk wanda ya saba da garmaho ya san wannan sautin, da yawa sun ɗauka haka faifai yake.

Bayan an ɗaure kan sai a sake auna nauyi, tunda matsar da shi ya canza ma'auni. Sannan a koma ga maɓallin hana zamewa. Juyin faifai yana jan hannu zuwa tsakiya, allura ta fi jingina da bangon ciki. Maɓallin yana ɗan ja ta waje don bangon biyu su raba kaya. A sa shi a lambar da ta yi daidai da nauyin, 2 da 2. Daga ƙarshe a duba daga gefe a ga hannun yana kwance daidai da faifai, a kuma sauke allura a kan ƙaramin madubi a ga ita da hotonta sun miƙe ba ta kwanta gefe ba.

Akwai wasu abubuwa da suka shafe mu musamman. Wutarmu bolt 220 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 mai bugu 60. Injin gwanjo na Amurka yana buƙatar taransifoma, kuma idan motarsa irin mai bin bugun wuta ce, ko an rage masa ƙarfin wutar zai riƙa juyi kusan 28 maimakon 33, Shata ya koma yana waƙa kamar mai jin barci. Sai zafi: a watan Afrilu da Mayu nan Dakoro ana wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka, faifan da aka jingina a karkace ko aka tara wa kaya yakan lanƙwashe. A jera su a tsaye, a ɗakin ƙasa idan akwai. Sai ƙurar hunturu, wadda idan ta shiga kwari allura ke niƙa ta a jikin faifai. A goge da ƙyalle mai laushi da tataccen ruwa, ana bin kwari a zagaye, a rufe injin da zane. Tsofaffin faya-fayai masu nauyi na juyi 78 kuma ba roba ba ne, suna fashewa kamar tangaran, barasar asibiti tana narkar da su, kuma allurarsu daban ce mai kauri. Ita ma allura tana tsufa, bayan awa ɗari biyar zuwa dubu bakinta ya cinye ya zama wuƙa. Idan ba a san shekarun wadda ke jikin injin gwanjo ba, a dakata har a samu sabuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wasu abokan aiki sukan ce mini, Mushe, duk wannan ɓata lokaci ne tunda komai yana waya. Ba komai ke waya ba. Tun shekarun 1960 kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faya-fayan makaɗan Nijar da na Buzaye da Bararoji waɗanda Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga a faifai kiɗan da Mamman Sani ya ɗauka a Yamai a 1978. Mutanen waje suna neman kayanmu suna adanawa, mu kuma namu yana ƙarƙashin gado gara na cin kwalinsa.

Ga malamai kuma, ban ga kayan aiki da ya tara darussa kamar wannan inji ba. Akwai ma'auni da giram, akwai da'ira da kusurwa, akwai gudu da lokaci, akwai Hausar da ta fi ta littafi zurfi a bakin mawaƙa. Ranar da na kai shi aji, wata yarinya da ba ta cika magana ba ita ce ta fara gano cewa allura ta kauce wa layi a ɗigon ciki, ta ce, "Mushe, ta waje ta yi, ta cikin ce ba ta yi ba." Yaran da suka saba haddace cewa santimita ɗaya milimita goma ce, ran nan sun ga abin da milimita ɗaya ke yi da kunnensu.

Roƙona ga iyaye shi ne, a fito da faya-fayan nan a duba su, kada a bar yara su ɗora su kan injin da ba a auna ba. Idan an saita, a kunna kowanne sau ɗaya a ɗauke shi a kwamfuta, akwai manhajar Audacity kyauta, sai a riƙa sauraron kwafin a bar na asalin ya huta. A kuma zaunar da dattijon gidan tun yana nan, a tambaye shi wa aka yi wa waƙar, a ina ya sayi faifan, a wace shekara, a rubuta a takarda a saka cikin kwalin. Malamin da ke kusa da Dakoro kuma yake son katin awo, nawa yana nan, a zo a kwafa.